Takin Garka Yana Sauka Rijiya: Mu Auna Ruwanmu Tun Da Wuri

 

Yau maganarmu a kan ruwan sha take. Mun daɗe muna jin gargaɗi a kan ruwa mai ƙwayoyin cuta, wanda ke kawo zawo da amai. Maganin wannan mun san shi: a tafasa ruwan, ko a sa masa jabel. Amma akwai wata dauɗar da ba ta jin wuta, ba ta jin jabel. Ba ta da launi, ba ta da wari, harshe ba ya jin ta. Ruwa yana fitowa garau, alhali yana ɗauke da wani gishiri da masana ke kira nitarat.

A shekarun nan masana a ƙasashe da dama suna gwada wani gari mai tsananin laushi, wanda suke kira nano, domin ya tsame wannan gishiri daga cikin ruwa. Ra'ayina a kan haka shi ne: bincike ne mai kyau, a ci gaba da shi, amma kada mu zauna jiransa. Aikin da ke gabanmu bana guda uku ne. Mu auna ruwan rijiyoyinmu, mu toshe hanyar da nitarat ke bi, mu kare jarirai.

Daga ina nitarat yake zuwa?

Kowace shuka tana bukatar wani sinadari mai suna azot. Shi ke sa ganye ya yi kore shar. Azot yana cikin kashin dabbobi da fitsarinsu, yana cikin bayan-gidan mutane, yana kuma cikin takin zamani. Buhun ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na azot. Buhun 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi. Idan taki ya shiga ƙasa mai danshi, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sukan juya azot ɗin ya koma nitarat cikin ƴan makonni. A wannan siffa ce saiwa ta fi shan sa.

Sai dai ƙasa ba ta riƙe nitarat. Yana narkewa cikin ruwa nan take. Duk abin da saiwa ba ta sha ba, ruwan ban-ruwa ko ruwan sama yana gangarawa da shi, har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiya ke tsotsa. Da ya isa can, yana iya yin shekaru bai gushe ba.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa iyaka: kada nitarat ya wuce miligaram 50 cikin lita ɗaya ta ruwan sha. A tano mai lita 200, wannan garam 10 ke nan, kimanin nauyin ƙwayar sukari biyu.

Bari mu yi lissafi tare. Kilo 23 na azot, in ya juye duka, yana ba da kimanin kilo 100 na nitarat. A ce albasa ta sha kashi uku, kashi ɗaya cikin huɗu ya tsere ƙasa. Kilo 25 ke nan. Wannan ya isa ya kai lita 500,000 bakin iyakar OMS, wato tano 2,500. Daga buhu ɗaya! Ga kuɗin manomi ya tafi, ga ruwan iyalinsa ya ɓaci.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

Kwarurukanmu sun canza cikin shekara 50. A 1975 aka fara dasa layukan dogon-yaro a kwarin Majiya domin tare iska, tare da ƙungiyar CARE. A 1984, shekarar babban fari, aka fara aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon FAO da PAM. Mata ne suka fi ɗaukar duwatsun aikin. An dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsai, ruwa ya samu wurin tsayawa ya nutse cikin ƙasa. A shekarun 1990 aikin raya kwarin Tarka, da kuɗin Tarayyar Turai, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa cikin garake. Albasar Sabon Gida da Tunfafi da Karofan da Tamaske tana kaiwa har Akara da Abijan. Wannan arziki ne, mun gode Allah.

To amma kowane allazi da nasa amanu. A wurare da yawa na fadamunmu ruwa yana kusa, ƴan mitoci kaɗan ne. Ruwan da guga ke samu da sauƙi, taki ma da sauƙi yake samun sa, balle inda ƙasar take da yashi. Kuma kowa ya san da rani a garka ake wuni. Daga rijiyar da ake ban-ruwa ake sha, a cika jarka a kai gida. Uwa tana dashe da goyo a bayanta, yaro ya yi kuka, ta ɗebo ta ɗura masa.

Cikin gari kuma hanyar dabam ce: ramin masai, turken dabbobi, juji, da kududdufin da ke kwance kusa da bakin rijiya. Masu binciken da suka auna rijiyoyin Yamai da kewayenta tun shekarun 1990 sun tarar da waɗanda suka wuce iyaka nesa ba kusa ba. Wasu saboda masai ne, wasu saboda share daji, wanda ya saki azot ɗin da ke kwance cikin ƙasa.

Mu tuna da Tibirin Gobir, a jihar Maraɗi. An fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a 1985. Ruwan fari tas, amma yana ɗauke da wani sinadari mai suna fuliwor, wanda ke fitowa daga dutsen ƙarƙashin ƙasa. An yi fiye da shekara 10 ana sha kafin a gane. Haƙoran yara suka ɓaci, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Sinadarin ba ɗaya ba ne da namu, amma darasin ɗaya ne: ido ba ma'auni ba ne.

Wa nitarat ke cutarwa?

Babba mai lafiya jikinsa yana fitar da mafi yawan nitarat ta fitsari. Jariri ne abin tsoro, musamman wanda bai kai wata 6 ba. Cikin hanjinsa nitarat yakan juye ya zama wani abu mai suna nitirit. Shi kuma ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar da yaro ke shaƙa. Sai leɓe da harshe da dasashi da farce su yi shuɗi-shuɗi, numfashi ya yi sauri, jiki ya saki. Yaron da ke zawo ya fi saurin kamuwa. Wani likitan Amurka mai suna Hunter Comly shi ya fara danganta ciwon da ruwan rijiya a 1945, a jihar Ayowa, ƙasar noman masara da taki mai yawa. Ciwon yana da magani in an garzaya asibiti da wuri. In an yi jinkiri, yana kisa.

Dabbobi masu tuƙa, wato shanu da tumaki da awaki, su ma nitarat mai yawa yana kayar da su ta wannan hanya.

A kula da abu biyu. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire nitarat. In ruwan ya daɗe a wuta, tururi ne ke tashi, gishirin ya ƙara kauri, kamar miyar da aka bari ta tsotse. Haka nan ƙyallen tacewa da jabel da Aquatabs, duk da amfaninsu mai girma, ba su taɓa shi.

Mene ne garin nano?

Ku dubi milimita ɗaya a jikin ma'aunin tela. In aka raba ta gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita kimanin 80,000. Garin da ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 100 ba shi ake kira nano.

Amfanin laushin shi ne yawan fuska. Ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe, fuskarsa bai fi ta ƙwayar sukari ba. In aka niƙa shi har kowace ƙwaya ta koma nanomita 10, aka shimfiɗa fuskokin duka, za su rufe murabba'in mita 600, wato garka mai mita 20 da mita 30. A kan wannan fuska ne nitarat ke manne wa garin, kamar yadda ƙarangiya ke kama wando. Ruwa ya wuce, gishirin ya tsaya.

Garin iri-iri ne. Akwai wanda ake haɗawa da maganiziyam da alminiyam, mai hawa-hawa kamar shafukan littafi, nitarat ya shige tsakaninsu. Akwai gawayin da aka shafe da garin ƙarfe. Akwai kuma garin ƙarfe zalla, wanda ke farfasa nitarat ɗin ya juya shi wani abu dabam. A ɗakin gwaji, cikin kwalba, da yawansu suna aiki sosai. Masanan da ke wannan aiki sun cancanci yabo.

Tambayoyi huɗu kafin gari ya zo ƙauye

Amma kwalba dabam, rijiya dabam. Duk wanda zai kawo mana wannan gari, ko wata matatar da aka cika da shi, ya fara amsa mana tambayoyi huɗu.

Ta farko: an gwada shi da irin ruwanmu? Ƙasar Adar ƙasar farar ƙasa ce da dutsen jibs, su ne ma masana'antar siminti ta Malbaza ke aiki da su. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗauko gishirin sulfat da ƴan'uwansa, kuma mun san rijiyoyi masu zartsi. Waɗannan gishirai suna rige-rige da nitarat wajen kama wuri a jikin garin, sau da yawa su riga shi. Garin da ya yi abin a zo a gani cikin ruwan ɗakin gwaji yana iya ragewa ƙwarai cikin ruwan Tarka.

Ta biyu: in garin ya ƙoshi, ina za a kai shi? Wandon da ya cika da ƙarangiya ba ya ƙara kama wata. Dole a wanke garin da ruwan gishiri mai kauri, ko a sake sabo. In aka zubar da ruwan wankin a bayan gari, nitarat ya koma inda ya fito.

Ta uku: me zai bari cikin ruwan? Garin ƙarfe zalla yana saurin tsatsa, kuma mafi yawan nitarat ɗin da ya farfasa yana komawa amoniyam, wanda shi ma ba a son sa cikin ruwan sha. Ƙwayar nano kuwa ta fi ƙarfin ƙyalle da rariya. In ba a ɗaure ta cikin wani abu ba, tare da ruwan za a shanye ta.

Ta huɗu: nawa ne kuɗin, kuma wa zai gyara? Ƙauyukanmu sun ga famfuna da dama da suka mutu saboda ɗan ƙarfen da ba a samu a kasuwa. Abin da babu mai gyaransa a Madawa ko Ƙonni, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan.

Ko a ƙasashe masu arziki, biranen da ke cire nitarat daga ruwan famfo sun fi dogara da tsofaffin hanyoyi: ƴan ƙwayoyin roba masu musanya nitarat da gishiri, ko matatar da ake tura ruwa cikinta da ƙarfin lantarki, ko ƙananan halittu masu cinye nitarat. Birnin Des Moines na jihar Ayowa ya gina babbar ma'aikata irin ta farko a farkon shekarun 1990, da kuɗi miliyoyin dala. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun yi doka a 1991 mai ƙayyade yawan takin dabbobi da za a zuba a gona inda ruwa ke cikin haɗari. Masu kuɗi ma sun gane tsare ruwa ya fi wanke shi arha.

Saboda haka kirana ga malaman Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, da cibiyar binciken noma ta INRAN: ku ɗebi ruwan Tarka da Majiya da Ibohaman ku gwada da shi. Ku nemi garin da za a iya yi da abin da muke da shi, kamar ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin gero. Akwai masu binciken da ke gwada mayar da garin da ya ƙoshi da nitarat gona, ya zama taki mai sakin abinci sannu-sannu. In haka ta tabbata, jifa ɗaya ya kashe tsuntsu biyu. Kafin nan, kada kowa ya ruɗe mu da gawayin murhu. Gawayin da ba a sarrafa ba kaɗan yake kamawa, sare itace kuwa wata masifa ce.

Masu cewa an cika tsoro

Wani zai ce: Malam, ai mu ƙarancin taki ne matsalarmu. Gaskiya ce. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi burin kai kilo 50 na sinadarin taki a kowace hekta, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi nisa da wannan buri. Gonakin gero na jigawa yunwa suke ji. Ba na cewa a bar taki. Amma ɗan abin da ke shigowa, babban rabonsa a fadama yake ƙarewa, a kan fili kaɗan, inda ake kwarara ruwa kullum, kuma inda ruwan ƙasa ya fi kusa. Tudu yana kukan rashi, fadama tana amai.

Wani kuma zai ce: kakanninmu sun sha waɗannan rijiyoyi lafiya. Haka ne. Amma a zamaninsu babu ure, babu injin ban-ruwa, kuma mutanen gari ba su kai rabin na yau ba. Mai rijiya, ka tambayi kanka: yaushe aka auna ruwanka, kuma nawa aka samu? In an auna aka tarar lafiya lau, hankali ya kwanta. In an tarar da yawa, an ceci rai. Ko ta ina awo riba ne.

Abin da za mu yi bana

Na ɗaya, awo. Akwai ƴar takardar awo da ake tsomawa cikin ruwa. Bayan minti ɗaya sai ta canza launi, a gwada ta da launukan da ke jikin gwangwaninta: 10, 25, 50, 100 zuwa sama. Duk wanda ya iya karanta lamba zai iya aikin. Kwamitin rijiya da ƙungiyar manoman albasa su nemi ma'aikatan ruwa su samo masu ita. A auna sau biyu a shekara, ƙarshen damina da ƙarshen noman rani, a rubuta cikin littafi. Inda aka ga 50 ko fiye, a kai ruwan ɗakin gwaji a tabbatar.

Na biyu, alama. A ƙasar Bangaladash, da aka gano gubar arsenik cikin rijiyoyi a shekarun 1990, an shafa wa masu guba jan fenti, masu kyau kore. Mu ma mu yi haka. Rijiya mai jan fenti ba a rufe ta: ruwanta yana da kyau ga wanki da wanka, ga shuka kuwa taki ne kyauta, sai ma a rage mata ure. Sha ne kawai za a koma wata rijiyar, musamman na jarirai da mata masu ciki.

Na uku, nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ko da bazara ce. Nono yana da ruwan da ya ishi yaro, kuma nitarat ɗin da uwa ta sha ba ya wucewa cikinsa da yawan da zai cutar. Kakanni da ungozoma, wannan a hannunku yake. In dole ta sa a dama wa jariri madara, a ɗebo daga rijiyar da aka auna, a tafasa sau ɗaya a sauke. Wanda ya ga leɓen jariri ya yi shuɗi, ya nufi asibiti, kada ya jira gari ya waye.

Na huɗu, taki da ma'auni. A raba ure kashi 2 ko 3 maimakon a zuba shi gaba ɗaya. Bayan an sa, a ba da ruwa daidai jiƙa saiwa, kada a mai da fangali tafki. In albasa ta fara ƙosawa a dakatar da ure, domin azot mai yawa a ƙarshe yana sa ta saurin ruɓewa cikin rudu. A gonar gero kuma, masu bincike na ICRISAT a Sadore sun nuna tun shekarun 1990 cewa garam 6 na 15-15-15 a kowane rami, wato cikin marfin kwalbar lemo, yana ƙara amfani ƙwarai. Kada a jiƙa taki ko a wanke buhunsa a bakin rijiya.

Na biyar, tazara. Ramin masai da turke da juji su yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ta gefen gangare. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti da murfi, a ja kwamin shayar da dabbobi gefe. Dokar ruwa ta ƙasa ta 2010 ta tanadi filin kariya kewaye da wuraren ɗiban ruwan sha. Masu gari da shugabannin komin su sa ido a kiyaye.

Ƴan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wataƙila wata rana garin nano ya iso mu da arha, a sa shi cikin randa kowa ya sha lafiya. Ina fatan ganin ranar. Amma jaririn da aka haifa bana ba zai jira ta ba. Marfin kwalba, da takardar awo, da gwangwanin fenti, da nonon uwa, duk suna hannunmu yau. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa, a kai maganar majalisar gari da taron mata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu rani mai albarka, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.